KWANDON SHARA A CIKIN KABAD: INNA TA FI KAFINTA GASKIYA

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, maganar shara ce. Na san wasu za su ce duk abin da ke damun jama'a ba a ga na rubutawa ba sai bola, to a yi haƙuri a karanta tukuna.

Duk mai bin littattafanmu na Hausa ya san yadda marubuta ke cinye shafi guda wajen siffanta kicin ɗin amarya: kabad sama da ƙasa, tayil har bango, gas mai kai huɗu, firij ya fi mutum tsawo. Ni dai ban taɓa cin karo da wanda ya gaya mana inda amaryar ke zuba ɓawon doya ba. To kafintoci sun kawo amsa. Yanzu yayi shi ne a yi wata ƙofa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kina jan ta sai bokitai biyu su zamo waje a kan ƙarfe kamar durowa, ɗaya na ragowar abinci, ɗaya na roba da gwangwani. Kin zuba, kin tura, baƙuwa ba ta ga komai ba. A waya na gani, ya burge ni, na matsa wa maigidan har aka yi min a gidanmu da ke Katsina.

Da sanyi lafiya lau muka zauna. Da bazara ta shigo sai asiri ya tonu. Tuwon da aka zuba da safe, kafin la'asar ya cika kicin da tsami, domin an rufe shi a akwatin da iska ba ta shiga. Ruwan da ke ɗiga ya jiƙa katakon, irin wannan na garin katako da ake matsewa, ya kumbura, ƙarfen ya daina gudu. Kyankyasai kuwa suka samu gidan haya kyauta. Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ranar da na tsaya na ga yaron da ke kwashe mana shara ya juye bokitan biyu cikin baro ɗaya ya yi gaba. Ba laifinsa ba ne. A ƙasashen da aka ƙirƙiro abin, mota daban ce ke zuwa ɗaukar kowane kashi, ko a kai shi inda za a sarrafa. Mu mun kwafo kabad ɗin, mun baro motar a can.

Bayan harin da 'yan bindiga suka kai 'Yargoje a watan Yuni na 2024, Allah Ya jiƙan waɗanda aka rasa, mahaifiyata ta zo ta zauna a wurina na ɗan lokaci. Wata rana tana zaune a kan tabarma a ƙofar kicin, ta ga na kankare ƙanzon tukunya na haɗa da ledar tumatir na tura cikin kabad. Da yake ni ce ta fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Ke, abincin wa kike binnewa a akwati?"

Na ce, "Inna, shara ce fa."

Ta ce, "A gidanku wa ya koya miki ƙanzo shara ne?"

Na yi shiru, domin na san amsar. A gidan da na tashi, a ƙasar Ƙanƙara, ba mu da kwandon shara, kuma babu abin da ke rasa wurin zuwa. Ragowar tuwo in bai zama ɗumame ba almajiri ya samu, in ya lalace kaji su ci. Dussa ta awaki ce, ƙasarin da aka wanke surfe ma a ba su su sha. Toka a goge gindin tukunya da ita, ta karan dawa kuma a tace a samu ruwan toka na miya. Gwangwanin madara ya zama ma'auni ko aci-balbal, kwalba ta zama ta man gyaɗa. Abin da ya rage, sharar tsakar gida da kashin dabbobi da tokar murhu, ya tafi juji ya ruɓe, kafin damina a loda a mangala jaki ya kai gona. Haka ake yi har Faskari da Sabuwa, kuma haka masarar da muke taƙama da ita take samun ƙarfi. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya rubuta yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki, da yadda hakan ya sa ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Wato abin da ake sayar mana yau da sunan wayewa, Inna tana yin sa tun kafin a haife ni, ba da bokiti biyu ba, da wajen shida.

Kada a ce ina yabon ƙauye ne ido rufe. Tsarin Inna ma ya samu abin da ya fi ƙarfinsa, wato leda. Ba ta ruɓewa, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa har a yanka a tarar da ita cunkushe a tumbi, in ta bi taki zuwa gona garma ta yi ta tono ta. Ruwanda ta hana ledar zuba kaya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu kam har kunu a leda muke ƙullawa. Ni a ganina nan ne kaɗai bokitin kabad yake da amfani a ƙasar Hausa: ya zama wurin killace busassun kaya, kada su gauraya da abin da zai koma ƙasa.

Wata ƙawata da ke zaune a gidan sama ta ce min ita ba ta da akuya ba ta da gona, ina ruwanta da dussa? Tana da hujja, amma ba duka ba. Ko a tsakiyar birni da wuya ki rasa maƙwabciya mai kiwo, kuma 'yan gwangwan na zagayawa da baro suna sayen ƙarfe da tsohuwar roba, gwangwanin lemo ma masu zubin tukwane na narka shi, robar ruwa kuma masu zoɓo da kunun aya suna nema. Abin da ke hana su ɗauka shi ne mun riga mun dama shi da miya.

Ga masu shirin yin kicin, musamman iyayen da ke kashe kuɗi wajen jere, shawarata ita ce kada a bar kafinta ya sa jiƙaƙƙen abu a cikin katako. A sa bokitan da za a iya ciro su a wanke, a shimfiɗa falange ko tayil a ƙasansu, a bar 'yan ƙofofin iska, kuma a tabbatar bututun ruwan da ke sama ba ya yoyo kafin a rufe. Ragowar abinci kuma a nema masa bokiti mai murfi a waje, a inuwa, a fitar kullum.

Ni dai haka na yi. Na sa an canja katakon da ya kumbura, bokiti ɗaya na leda, ɗayan na gwangwani da roba. Ƙanzo da ɓawo kuwa yarinyar maƙwabtanmu ke zuwa ɗauka bayan magariba saboda tumakinsu. Da Inna za ta koma gida sai da ta buɗe kabad ɗin ta zaɓi gwangwanayen madara huɗu da kwalba biyu ta ƙulle a ɗankwali, ta ce a can suna da aiki.