Bincike Kan Matan Arewa: Daga Kundin Digiri Zuwa Mujallun Masana

A kowace shekara, idan lokacin ƙarin girma ya ƙarato a jami'o'in ƙasar nan, akan ga malamai suna kai da kawowa da ƙunshin takardu, kowa yana ƙidayar yawan maƙalun da ya buga. Ƙa'idar jami'a a nan ba ta da sassauci. Malamin da bai buga bincikensa a mujallun masana ba, ko da ya fi kowa iya koyarwa, zai daɗe a matsayi ɗaya yana kallon ɗalibansa na jiya suna wuce shi. Ƙa'idar ta shafi kowane fanni, amma ta fi yi wa masu nazarin jinsi nauyi, watau fannin da ke binciken yadda al'umma ta raba aiki da dukiya da iko tsakanin maza da mata. Dalili kuwa shi ne, manyan mujallun wannan fanni galibinsu a Turai da Amurka suke, kuma ƙofarsu ƙunci gare ta.

An ma auna ƙuncin. Cikin shekarar 2018 wasu masana biyu, Peace Medie 'yar ƙasar Gana da Alice Kang, suka bi maƙalu 947 da manyan mujallu huɗu na nazarin jinsi da siyasa suka buga daga 2008 zuwa 2017, suka tarar waɗanda masu bincike mazauna ƙasashe masu tasowa suka rubuta ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Shekara biyu kafin nan Ryan Briggs da Scott Weathers sun duba mujallun African Affairs da Journal of Modern African Studies, waɗanda aikinsu kacokan nazarin Afirka ne, suka ga rabon marubuta mazauna Afirka ya sauko daga wajen kashi 25 cikin ɗari zuwa wajen kashi 15 tsakanin 1993 da 2013. Abin lura a bincikensu shi ne, 'yan Afirka ba su rage aikawa ba. Karɓa ce ta ragu.

Mai karatu yana iya cewa wannan damuwar malaman jami'a ce, ina ruwan ma'aikacin gwamnati da ita. Ruwansa kuwa babba ne. Idan wata ƙungiyar ba da agaji ta duniya za ta tsara shirin ilmin 'ya'ya mata ko na lafiyar masu juna biyu a Jigawa ko Zamfara, ƙwararrunta ba sa zuwa ɗakin ajiye kundaye na Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo su kaɗe ƙura su karanta. Abin da aka buga a sanannun mujallu suke dubawa, shi suke zubawa cikin takardar shiri, ita ce kuma take sauka a teburin Babban Sakatare don ya sa hannu. Ke nan siffar matan Arewa da ma'aikata take aiki da ita, sau da yawa, wadda wani ya zana ce daga nesa, alhali wadda ta zauna cikin gidajen nan wata shida tana tambaya da harshen masu gidan, nata aikin yana kan kanta an ɗaure da igiya.

Wannan kuka ba na yau ba ne. Cikin 1976 aka yi wani babban taro kan mata da ci gaba a Kwalejin Wellesley ta Amurka, inda mahalarta daga Afirka da ƙasashen Larabawa suka yi ƙorafin cewa an gayyace su ne su saurari bayanin kansu daga bakin wasu. Farfesa Bolanle Awe ta Jami'ar Ibadan ta rubuta nata sukar a mujallar Signs cikin 1977, a wannan shekara kuma aka kafa ƙungiyar mata masu bincike ta Afirka, AAWORD, a Dakar. A nan gida, taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1982 shi ya haifar da ƙungiyar WIN, wadda Ayesha Imam take cikin waɗanda suka aza harsashinta, aka kuma buga takardun taron a littafi cikin 1985. Daga irin wannan yunƙuri ne Afirka ta sami nata mujallun: Agenda, wadda aka fara a Durban cikin 1987, da Feminist Africa, wadda Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna, ta jagoranci kafawa a Jami'ar Cape Town cikin 2002, daga baya ta koma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana. Ita wannan ta biyun kyauta ake karanta ta a intanet.

Duk da haka, wanda ya nemi abin da aka fi ambata a duniya game da matan Hausawa, sunayen baƙi zai fara cin karo da su: Mary Smith da labarin Baba ta Karo na 1954, da Polly Hill wadda ta bayyana ɓoyayyar kasuwar matan kulle a Batagarawa cikin 1969, da Renée Pittin a Katsina, da Barbara Callaway a Kano, da Barbara Cooper a Maraɗi. Ayyuka ne na ƙwarai, ba mai raina su, wasunsu ma har yau ba a yi kamarsu ba. Akwai kuma 'yan gida da suka keta, irin su Ousseina Alidou ta Nijar. Amma idan aka dubi yawan kundayen digiri na biyu da na uku da ake rubutawa a kan aure da talla da gado da sana'ar mata a jami'o'in Arewa, sai a ga abin da ya isa waje bai taka kara ya karya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Don a gane inda gizo ke saƙar, ya kamata a bi maƙala tun daga lokacin da ta bar hannun mai ita. A yau ta intanet ake aikawa, bayan an cire sunan marubuci da duk wata alama da za ta nuna shi, don masu tacewa kada su san aikin wane ne. Edita ne yake fara dubawa, kuma a nan yawancin maƙalu suke faɗuwa, ba tare da wani masani ya gan su ba. Abin da editan yake karantawa kaɗan ne: take, da tsakure wanda bai cika wuce kalmomi ɗari biyu ba, da shafukan farko, da jerin manazarta. Idan ta tsallake, sai a miƙa ta ga masana biyu ko uku, su riƙe ta wata uku, ko shida, wani lokaci har shekara. Amsar da ta fi zuwa ga maƙalar da ke da rai ita ce a gyara a sake aikowa. A duk tsawon wannan jira kuwa haramun ne marubuci ya aika da ita wata mujalla.

Wurin faɗuwa na farko laifin gida ne, gaskiya kuwa ɗaya ce. Mutane da yawa babi suke yankowa daga kundin digiri, su canja masa take, su aika. Kundi kuwa an rubuta shi ne don a gamsar da masu jarrabawa cewa ɗalibi ya yi karatu, shi ya sa yakan fara da ma'anar kalmomi da tarihin gari da iyakokinsa gabas da yamma. Mujalla ba wannan take nema ba. Magana ɗaya take so, sabuwa, wadda ta shiga cikin muhawarar da masu karatunta suke yi. A ɗauka wata malama ta yi hira da matan aure hamsin masu matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Idan ta rubuta cewa matan suna fama da talauci da ƙarancin jari, gwamnati ta taimaka musu, edita zai mayar mata cikin mako guda, don ya karanta irin wannan sau ɗari. Amma idan ta nuna cewa tun da aka matsa a kai yara makaranta, 'yan tallar da ke haɗa waɗannan mata da kasuwa sun ragu, wayar hannu da 'yan acaɓa sun fara maye gurbinsu, sa'an nan ta auna wannan da abin da Polly Hill ta gani a Batagarawa da abin da Enid Schildkrout ta gani game da yara 'yan talla a Kano, to, ta kawo abin da ba wanda zai iya kawowa daga Landan. Bayanan nan ɗaya ne a hannunta. Tambayar da ta yi musu ce ta bambanta.

Sai dai kafin mutum ya shiga muhawara, tilas ya ji abin da ake cewa, a nan kuwa kuɗi suka shigo. Tsofaffin mujallun fannin ba su karɓar ko kwabo daga marubuci idan ya yarda a buga aikinsa bisa hanyar da aka saba, abin da malamai da yawa ba su sani ba. Mai karatu ne yake biya, ko kuwa laburaren jami'arsa. Wanda yake so a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta, shi ake cajin dala dubu biyu ko uku. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura naira 1,500, watau kuɗin buɗe maƙala ɗaya ya kai naira miliyan uku zuwa sama. Gaba kura, baya sayaki: idan malama ta buga a rufe, ɗalibanta na Katsina ba za su iya karanta binciken da aka yi a kan iyayensu ba, idan ta ce a buɗe, albashinta na watanni ya tafi.

Cikin wannan rami ne mujallun bogi suka yi gida. Su ne masu aiko wasiƙar yabo ta imel, su yi alkawarin bugawa cikin mako biyu muddin an biya. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayensu kafin ya rufe jerin cikin Janairun 2017. Bai kamata a ɗora laifin duka a kan malamin da ya faɗa hannunsu ba. Kwamitin ƙarin girma da yake ƙirga maƙalu kamar buhunan gero, bai damu da karanta ko ɗaya ba, shi ya buɗe musu kasuwa. Yanzu kuma da jami'o'i da dama suka koma neman sai mujallar da ke cikin Scopus, an toshe wata ɓaraka an buɗe wata, domin mujallun Afirka masu mutunci da yawa ba sa cikin wannan jeri, ko da yake ana samunsu a dandalin AJOL da aka fara tun 1998. Sakamakon shi ne ana hukunta wanda ya buga a gida da gaskiya tare da wanda ya saya.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya wuce iya Turanci kawai. Kalmomi irin su kulle da zawarci da kunya da kayan ɗaki da adashi ba su da takwarori a Ingilishi. Mai tacewa da bai san ƙasar Hausa ba, da ya ga kulle sai ya ɗauka kurkuku ne, ya nemi marubuciya ta yi tir da shi. Ita kuwa ta san matar da ke cikin kulle tana iya fin mijinta kuɗi. Rabin kalmomin da aka ƙayyade mata sai su ƙare wajen bayanin abin da kowace yarinya a Fagge ta sani. Ba dole ba ne ta bi duk abin da mai tacewa ya ce. Al'adar mujallu ta yarda marubuci ya amsa batu bayan batu, ya karɓi wanda ya dace, ya ƙi wanda bai dace ba tare da hujja. Malamai da yawa a nan, da sun ga shafi uku na suka sai su ɗauka kora ce, su jefa takardar cikin akwati, alhali an riga an buɗe musu rabin ƙofa. Ana iya yin wannan bincike da Hausa ma, ga mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Kano, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato, sai dai su harshe da adabi da al'ada suka fi mayar da hankali a kai.

Wata ƙa'ida da ke kayar da aikin da ya ci shekaru ita ce shaidar izini. Mujallu suna tambayar ko wani kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin tun kafin a fara, da kuma yadda aka sami yardar matan da aka yi hira da su. Ba a samun wannan takarda bayan an gama. A ƙauyen da sa hannu a takarda yake tsorata mutane, ana karɓar yarda ta baki, in dai an bayyana yadda aka yi. Kalmar jinsi kanta ma tana da nauyi a kunnen jama'a, musamman tun bayan da Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata cikin Maris na 2022, don haka mai bincike kan sha tambayoyi daga mai unguwa da maigida kafin ta ga matar gida.

Ga malama mace kuma akwai ƙarin kaya. Ita ce da aji mai ɗalibai ɗari uku, ita ce da kwamitoci, ita ce da girki da reno. Yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi cikin 2022, wanda aka riƙe albashi a cikinsa, bai ba kowa natsuwar rubutu ba.

Hukumar TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa, tana ba da kuɗin bincike da na buga mujallun jami'o'i. Amma kuɗin ɗab'i ba su ne ke sa mujalla ta yi daraja ba. Fitowa a kan lokaci, da tacewa ta gaskiya, da edita mai iya mayar wa shugaban sashensa maƙala, su ne. Ma'aikatun jihohi ma suna da hannu a ciki. Rajistar ɗalibai mata, da bayanan asibitocin haihuwa, da shari'o'in saki da ciyarwa a kotuna, duk suna nan jibge cikin fayil-fayil, ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai tun 2011. Amma har yanzu mai binciken da ta kai takardar neman izini wata ma'aikata takan ji cewa Darakta ya tafi taro, ta dawo mako mai zuwa.