Ampili ke ƙonewa, amma cutar tana cikin waya: matsalar wutar lantarki da kayan sauti a Tasawa da Mayahi

A Tasawa da Mayahi, da ampili ladani ke kiran salla, da shi malami ke tafsirin azumi, da shi masu hayar kayan sauti a wuraren biki ke ciyar da iyalansu. Idan ya ƙone, zargi na farko kan faɗa kan ɗan kasuwa, wai jabu ya sayar, na biyu kan mai gyara. Ba kasafai ake tuhumar wutar da aka jona shi da ita ba, alhali sau da yawa can cutar take.

Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a jihar Maraɗi, akasarinta daga Najeriya take shigowa, ta babban layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya ake sayowa. A farkon Agustan shekarar Najeriya ta katse wutar saboda takunkumin ECOWAS, ba a janye takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Bayan nan ma, duk tangal-tangal ɗin da babban layin Najeriya ya yi, kamar duhun da arewacin ƙasar ya shafe kwanaki a ciki a Oktoban 2024, yana iya shafar duk wanda ke rataye da layin Katsina. Tashar hasken rana ta Gorou Banda kuwa yankin Yamai take ciyarwa.

Ɗaukewar wuta ba ita ce mafi muni ga ampili ba. Wanda babu wuta, hutawa yake. Abin da ke kashe shi wuta ce mai rauni da wuta mai dawowa da ƙarfi.

An ƙera na'urar ne don ta sha bolt 220 zuwa 230. Da almuru, lokacin da kowa ya kunna fanka da firij, unguwannin da ke nesa da taransifoma sukan sami ƙasa da haka. Sai sauti ya rage, mai kula da kaya ya murɗa ƙara har ƙarshe, murya ta fara tsagewa. Wannan tsagewar ce ke gasa siririyar wayar da ke cikin lasifika. Sabbin ampili marasa nauyi kuma, idan wuta ta yi ƙasa, ƙara zuƙarta suke don cike giɓi, su ɗau zafi. A haɗa da zafin Afrilu da kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ta toshe kafofin iska, sai a ga dalilin da kaya ke mutuwa ana tsakiyar taro.

Akwai kuma gurnanin nan da ba ya yankewa ko babu mai magana. Gwajinsa ba ya cin ko dala: a zare makirufo da duk wayar da ke shiga ampili. Idan gurnanin ya ɗauke, matsalar tana wayoyi ko rashin wayar ƙasa, ko kuma an jona mahaɗin sauti a soket ɗaya, ampili a wani. Idan ya ci gaba, galibi kwandensan cikinsa ne suka bushe, aikin mai gyara ne. Wasu kan karya ƙafar ƙasa ta filogi don su kashe gurnanin. Wannan ganganci ne, domin ranar da waya ta taɓa jikin ƙarfe, ladanin da ke riƙe da makirufo ne zai zama hanyar wutar.

Haka batun fis. Idan ya yanke, ya yi aikinsa ke nan. Wanda ya ɗaura masa zaren waya ya mai da asarar ɗan canji ta zama ta ampili sukutum. Ƙananan janaretoci ma, da jama'a suka runguma lokacin takunkumi, ba mafita ba ce tsaf: da firij ya tashi a layi ɗaya, wutar ta yi tsalle.

A ganina, kwamitocin masallatai da masu hayar kaya suna kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Kafin a sake sayen babban ampili, a sayi mitar auna wuta da na'urar daidaita ta mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta, a kafa wayar ƙasa ta gaskiya, a kuma saba da kashe ampili da zarar an ɗauke wuta. Ga masallacin unguwa, ampilin da ke aiki da batir na bolt 12 tare da faifan hasken rana ya fi dacewa, tunda rana ba ta ƙaranci a Mayahi.

Saura kuma na NIGELEC ne da hukumomin gari. Unguwanni na faɗaɗa, ana ta jan waya daga taransifomar da aka kafa don gidaje kaɗan. Muddin ba a ƙara taransifomomi an taƙaita tsawon layukan ba, ko da Katsina ta turo wuta cikakkiya, raunanniya za ta isa gidan da ke ƙarshen layi.