«In ya girma zai miƙe» ba magani ba ne

A ajina na CM1 an taɓa samun wani yaro da kullum shi ne na ƙarshe in ana gudu a filin wasa. Wani abokin aikina yana ce masa rago, har da bulala. Ranar da yaron ya tuɓe riga na ga dalili: gefe ɗaya na ƙirjinsa a matse, bayansa a karkace, ga tabon sakiya jere bisa haƙarƙari. Na kira mahaifinsa, sai ya ce mini: «Malam, haka Allah ya yi shi, in ya girma zai miƙe.»

Wannan magana nake son mu bari, iyaye da malamai.

Ƙirji ɗaki ne, huhu ne mai zama ciki. Ƙananan buhunan iska na huhu sun fi yawaita a shekarun farko na rayuwa, kuma kafin wajen shekara 8 mafi yawan aikin ya wuce. Yaron da aka haifa da haƙarƙari manne da juna, ko wasu sun ɓace, ko kashin baya a karkace, ɗakin nan ba ya buɗewa yadda ya kamata. Jiki ya girma, huhu ya tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma aikin akwai shi. A San Antonio ta Amurka, likita Robert Campbell ya ƙirƙiro haƙarƙarin ƙarfen titaniyom da ake ɗaurawa a tsaye don buɗe ƙirji, ana ƙara masa tsawo wajen kowane wata 6 yayin da yaro ke girma. Hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 2004. Ga ƙirjin da ya lotsa a tsakiya kuwa, akwai hanyar likita Donald Nuss: a sa lanƙwasasshen ƙarfe ƙarƙashin ƙashin ƙirji ya tura shi waje, a cire bayan shekara 2 zuwa 3. Wannan kam sau da yawa ana jira yaro ya kusa balaga. To amma likita ne zai ce a jira, bayan ya ga hoton ƙirji, ba wanzami ba.

Na san abin da za a ce: wa ke da kuɗin irin wannan aiki a Maradi ko Tawa? Gaskiya ne, yana da tsada, yana da haɗari, kuma ba kowane yaro ne ke bukatarsa ba. Amma hoton ƙirji bai kai kuɗin ragon suna ba. Shi zai nuna ko nakasar haihuwa ce, ko laushin ƙashi na rashin bitamin D da kalsiyom, wanda maganinsa ke kusa da mu.

Iyaye, ku daina ƙona ƙirjin ƴaƴanku, ku kai su babban asibiti. Malamai ƴan uwana, yaron da ke haki kafin sa'o'insa, ku aje bulala ku kira uwayensa. Ƙaddara ba ta hana neman magani ba. Sakaci ne muke sa wa rigarta.