Rangwamen bashin banki: Me ke hana a yi gwanjon gida bayan an sasanta?

Tun daga watan Maris na 2024, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, har ya ɗora wa masu lasisin hulɗa da ƙasashen waje naira biliyan 500, bankunan suka shiga tsabtace littattafansu daga basussukan da suka maƙale. A watan Yuni na 2025 babban bankin ya ƙara matsa lamba, ya dakatar da raba riba a bankunan da ke cin gajiyar sassaucin da ya yi musu kan irin waɗannan basussuka. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya jinginar da gidansa zai iya jin tayin da bai saba ji ba: kawo wani kaso yanzu, mu yafe maka saura.

Tayin yana da daɗin ji, amma akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a miƙa ko sisi. Idan aka biya kason, gobe kuma banki ya dawo yana neman saura, ko ya sa gidan a gwanjo, shin kotu za ta tsaya wa wanda ya biya?

A kasuwa, idan mai bin bashi ya ce ya yafe a gaban shaidu, magana ta ƙare. Dokar kwangila da Nijeriya ta gada daga Ingila tana kallon lamarin ta wata fuska dabam. Tun a shari'ar Pinnel ta 1602 aka kafa ƙa'idar cewa biyan wani ɓangare na bashin da lokacinsa ya yi ba ya sauke sauran, ko da mai bin bashin ya amince. A 1884 kotun ƙoli ta Ingila ta tabbatar da haka a shari'ar Foakes da Beer, inda wata mata ta yarda a biya ta bashinta kashi-kashi ba tare da ta sake neman komai ba, daga bisani ta nemi kuɗin ruwa, kotu kuma ta ba ta gaskiya. Hujjar ita ce wanda ake bi bai ba da wani sabon abu a madadin yafiyar ba, abin da ke wuyansa tun farko kawai ya biya.

Ƙa'idar tana da ƙofofin fita. Yafiya tana ɗaure banki idan an biya kafin wa'adi bisa buƙatarsa, ko an ƙara wata kadara, ko wani dabam ne ya biya a madadin mai bashin, ko kuma an rubuta yarjejeniyar a takarda mai hatimi. Sashe na 169 na Dokar Shaida ta 2011 shi ma yana hana mutum janye maganar da ya sa wani ya dogara da ita ya yi aiki. Sai dai kafa hujja da wannan sashe yana nufin shari'a mai tsawo, alhali gidan yana cikin haɗari.

Haɗarin kuwa na gaske ne. A jihohin da har yanzu ake aiki da dokar musayar kadara ta Ingila ta 1881, ciki har da da dama daga jihohin Arewa, bankin da ke riƙe da cikakkiyar jingina yana iya sayar da gida ba tare da zuwa kotu ba, idan ya ba da sanarwa wata uku suka wuce ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a maƙale. Idan gidan ya shiga hannun mai sayen da ya saya da zuciya ɗaya, da wuya a karɓo shi. Abin da ya rage wa tsohon mai gida shi ne neman diyya. Idan kuma kuɗin gwanjon bai kai bashin ba, ragowar tana nan a wuyansa da wuyan waɗanda suka tsaya masa.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ake bi naira miliyan 40, manajan reshe ya ce masa ya kawo miliyan 25 a rufe magana. Ya sayar da shagonsa ya biya. Idan amincewar ba ta fito daga hedikwatar banki a rubuce ba, ana iya lissafa kuɗin a matsayin ragin bashi kawai, miliyan 15 na nan tana haihuwa. Haka nan, yawancin takardun sasanci suna ɗauke da sharaɗin cewa idan aka saɓa biya ko sau ɗaya, rangwamen ya rushe, asalin bashin ya dawo. Kuma bashi yana iya sauya hannu: hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka gagari bankuna, tana da ƙarfin kama kadara fiye da na banki, musamman bayan gyaran dokarta a 2019 da 2021. Sabon mai bin bashi takarda zai duba, ba abin da aka faɗa a ofis ba.

Saboda haka kariyar mai gida tana cikin abubuwa kaɗan. Yarjejeniya ta kasance a rubuce da hatimi, da sa hannun jami'an da ke da ikon ɗaure banki, ta fayyace cewa biyan ya sauke bashin gaba ɗaya, har da masu tsayawa. Idan magana tana kotu, a mayar da sasancin hukuncin yarda, wanda tsarin mulkin 1999 bai yarda a ɗaukaka ƙara a kansa ba sai da izini. Bayan biya, a karɓi takardar sakin jingina, a yi mata rajista a ofishin filaye irin su KANGIS, KADGIS ko AGIS, a karɓo takardar mallakar gida, sannan a tabbatar an gyara sunan mutum a cibiyoyin tattara bayanan masu bashi.

Akwai aiki a gaban hukumomi ma. Ya dace babban banki ya wajabta wa bankuna tsayayyen tsarin takardar sasanci da wa'adin mayar da takardun gida, majalisun jihohi kuma su sake duba dokar da ta haura shekara 140 tana hukunta gidajen jama'a. Kafin a kai ga haka, duk wanda aka yi wa tayin rangwame ya nemi lauya kafin ya nemi kuɗin biya, domin kuɗin lauya bai kai darajar ɗaki ɗaya na gidan da ake ƙoƙarin ceta ba.