Kujerar Makka da Awon Jini

Jama'a, ina da ƙorafi a kanmu, mu ma'aikata. Mukan biya wa iyayenmu kujerar Makka, amma sai tsoho ya shekara ba a auna jininsa ba. In ya koka da jiri, mu ce ai tsufa ne. Alhali hawan jini ba ya sallama, sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ake farga.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu raunin da za a tallafa wa, to amma doka ba ta ɗaukar kowa zuwa asibiti. Na'urar awon ko kuɗin ragon Layya ba ta kai ba. A saya, a koya wa jika, ya riƙa rubuta sakamakon duk Juma'a.