Wiwi: A Gaya Wa Yaranmu Gaskiya Tun Daga Aji

Kwanakin baya na ji wani yaro ɗan JHS 2 a unguwarmu yana ce wa abokinsa, "Ai wiwi yanzu gwamnati ta halatta." Da iyakar gaskiyarsa ya faɗa, don haka ya ji a majalisar samarin bakin layi. Babu wanda ya taɓa gyara masa, a gida ko a makaranta.

Ga yadda maganar take. A 2020 majalisar dokokin Ghana ta yi doka mai lamba 1019, wadda ta ba da damar noman wiwi da lasisi don magani da masana'antu, muddin sinadarin THC da ke cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022, majalisa ta dawo da shi a 2023. Irin wannan wiwin ba ya bugarwa. Wanda ake naɗawa a zuƙa kuwa har yau laifi ne. Wannan bayanin minti biyar ya ishi malami ya yi shi a aji. To me ya hana?

Mu a zango, in maganar wiwi ta taso, abu biyu muka iya: ko mu yi shiru don kunya, ko mu tsorata yaro da cewa zuƙa ɗaya za ta sa shi yawo tsirara a kasuwa. Sai yaron ya duba ya ga yayan abokinsa ya yi shekaru yana sha, yana kuma tuƙa babur ɗinsa. Daga ranar ya daina yarda da mu, har a kan abin da muka yi gaskiya.

Alhali gaskiyar ma ta isa tsoro. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Wanda ya fara sha tun yana ɗan 13 ko 14 ya fi saurin kamuwa da jarabarta, karatu ya daina zama masa a kai, ya yi ta mantuwa. A wasu kuma, musamman masu taɓin hankali a dangi, takan tayar da ciwon da zai kai su Pantang ko Ankaful. Ba kowa ke haukacewa ba, amma babu wanda ya san ko shi ne sai abin ya same shi. Wannan magana yaro zai iya riƙewa, don ta yi daidai da abin da idonsa ke gani.

Hukumar ilimi ta Ghana tana da shirin koyar da lafiya a makarantu, wato SHEP. Ina kira da a sa darasin wiwi a ciki sosai tun daga ƙarshen firamare, a riƙa maimaita shi kowace shekara, a bar yara su yi tambaya ba tare da an ɗaga musu bulala ba. A koya musu har yadda za su ce "a'a" in babban yaro ya miƙo musu, don a nan ake faɗuwa.

Wasu iyaye za su ce yin maganar zai buɗe wa yara ido. Haba jama'a, yaron Nima ko Aboabo ya san warin wiwi kafin ya haddace jadawalin lissafi. Idonsa a buɗe yake, saura wa zai fara yi masa bayani, malami ko mai sayarwa.

Malaman makarantun allo da na Islamiyya su ma da nasu aikin. Yaro ya san duk abin da ke gusar da hankali haramun ne. A haɗa masa da dalilin likita, da Hausar da yake ji, a gayyato nas ko jami'in NACOC ya zauna da su ranar Asabar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a.