WA YA JERA DUWATSUN?

Ya 'yan'uwa na Bande, Magariya da Dungas!

Wata magana tana yawo a kasuwanninmu. Wai duk tsohuwar katangar dutse da ke ƙasar Damagaram aikin Nasara ce, wai kakanninmu ba su san kome ba sai darni da zana. Mu mun ce ƙarya ce, ga kuwa shaida.

Sai a 1899 Faransawa suka ci Damagaram, bayan yaƙin Tirmini. A tsaye suka tarar da ganuwar Birni. Sarki Tanimun ne ya gina ta, shi kuwa ya rasu tun 1884. Wane kwamanda ne ya koya masa?

Za su ce ai wannan ta ƙasa ce, ina ta dutse? To, su tafi Kufan Kanawa, nan cikin jihar Damagaram, su ga katangar dutse ta kewaye kangon gari. Baturiya ma, Anne Haour, da ta haƙa wurin, ta tabbatar an zauna shi ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Nasara. Su wuce Surame, birnin Kanta na Kabi, wanda aka gina da dutse a ƙarni na 16.

Wannan ƙarya tsohuwa ce. Haka 'yan mulkin mallaka suka ce baƙi ne suka gina kangon Zimbabuwe, har Randall-MacIver a 1905 da Caton-Thompson a 1929 suka nuna aikin baƙar fata ne. A 1980 ƙasar ta ɗauki sunansa.

Ba mu musa ba, akwai bariki da hanyoyi na zamanin Nasara. Amma kan wa aka ɗora dutsen? Kan talaka, da aikin dole, wanda ba a soke ba sai a 1946.

Ga inda haɗarin yake. Wanda ya yarda kango na baƙo ne, ba zai hana a kwashe duwatsunsa a yi harsashin gida ba. In dutse ya tafi, shaida ta tafi.

Saboda haka kowane reshe ya zauna da dattawan garinsa. A rubuta sunan kowane kufai, da wanda ya kafa shi, da zuriyar da ke noma wurin. A karanta a taron ranar kasuwa. Kada a bari a ɗauke dutse ko ɗaya.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi!